Akushi Ɗaya a Rumfar Tabawa

An ce wani sarki aka yi a ƙasashen gabas, mai son jama'arsa, mai son abinci kuma, har ba a san wanne ya fi so ba a cikin biyun. Yana da waziri ana kiransa Zubairu, maraya ne da aka rena a gidan mahaifin sarkin. Tare suka tashi, akushi ɗaya suke ci tun suna yara.

Al'adar sarkin nan ce, duk ranar kasuwa ya tuɓe alkyabba, ya sa riga irin ta fatake, su fita shi da waziri su ci abincin rana a rumfunan masu sayar da abinci, wai don ya ji abin da talakawa ke faɗi. A zatonsa ba mai gane shi. Alhali ko awakin kasuwa sun san tafiyarsa, mutane dai kara suke yi masa.

Rumfar wata dattijuwa mai suna Tabawa suka fi zuwa. Da sun zauna sai sarki ya ce, "Inna, a cika akushi, a malala man shanu, a zaɓo nama mai kitse, a biyo mu da alkaki." In an kawo, sai ya riƙa tsinto mafi maiƙon naman yana turawa gefen waziri. A ƙasar nan kuwa, abin da sarki ya miƙa da hannunsa ba a mayar da shi. Sai waziri ya yi godiya ya cinye.

Ana nan, ana nan, lafiyar waziri ta fara taɓuwa. Ƙafafunsa suka kumbura, in ya ɗan yi tafiya sai haki. Ran nan ya miƙe zai yi magana a fada, jiri ya kwashe shi ya faɗi. Hankalin sarki ya tashi ƙwarai, domin in Zubairu ya tafi, ba sauran wanda ya san shi tun kafin rawani. Ya ce sammu aka yi, ya rantse duk wanda ya cuci wazirinsa sai ya raba su har abada.

Aka tara masu magani. A cikinsu akwai wani tsoho, Malam Ukashatu, wanda ya karanci ilimin magani a ƙasashe masu nisa, ya dawo yana zaman kansa, shi ma a rumfar Tabawa yake cin abincin rana. Ya danna ƙafar waziri da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

Ya ce, "Ya sarki, ba sammu ba ne, amma akwai mai cutar da shi."

Sarki ya ce, "Maƙiyinsa ne?"

"Da maƙiyi ne, da waziri ya tsare kansa."

"A ina yake zaune?"

"Kusa da shi, har gwiwarsu tana haɗuwa."

"Da me yake cutar da shi?"

"Da abin da ake karɓa a yi godiya."

Sarki ya fusata ya ce a faɗi sunansa. Malam ya ce, "Ya sarki, in na faɗa ba za ka yarda ba, in ka gani ba za ka musa ba. Ranar kasuwa ku je inda kuka saba. Sharaɗina ɗaya: waziri ne zai faɗi abin da za a zuba masa, kai ka yi shiru." Duk wannan magana waziri yana kwance, kansa a juye ga bango.

Ranar kasuwa aka ɗora waziri a kan doki, suka tafi a hankali. Suka iske malam ya riga su zama. Waziri ya ce cikin ƙaramar murya, "Inna, tuwon dawa malmala ɗaya, a cika zogale. Kifi gasasshe, ba soyayye ba. Kada a sa mai, gishiri kaɗan. Ruwan randa ya ishe ni."

Tabawa ta yi dariya ta ce, "To, irin na ranar da kake zuwa kai kaɗai ke nan." Ta zuba masa, sannan ta ajiye wa sarki nasa naman mai kitse a gefe, don ta san halin baƙonta.

Sarki ya dubi abincin waziri, ganye ya fi tuwo yawa, ba ko ƙyallin mai. Tausayi ya kama shi. Mutumin da ba shi da lafiya, a ce wannan zai ci? Bai san sa'ad da ya tsinci tsoka mai kitse ya nufi gefen abokinsa da ita ba. Sai malam ya riƙe masa wuyan hannu a hankali ya ce, "Ya sarki, ga shi mun kama."

Ba wanda ya yi mamakin jin an ce sarki, sai shi sarkin. Ya dubi hannunsa, mai yana ɗiga daga yatsunsa. Can ya ce, "Zubairu, me ya hana ka faɗa mini?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, muna yara in an raba nama akan manta da maraya. Kai kake turo mini naka a ɓoye, ka ce ka ƙoshi. Duk sa'ad da hannun nan ya taho, yaron nan nake gani, ba na iya ce masa a'a. Da ya zama hannun sarki kuwa, sai ya zama ban isa ba."

Hawaye ya zubo wa sarki a gaban jama'a, bai share ba. Ya ce, "Na rantse zan raba ka da mai cutar da kai. Daga yau ba zan sake zama da kai a kan abinci ba."

Waziri ya ce, "Wannan zai kashe ni kafin kitse ya kashe ni."

Malam ya ce, "Ya sarki, rantsuwa tana da kaffara, amma aboki in ya tafi ba ya dawowa. Ka yi kaffara, ka zauna. Hukuncinka shi ne, abin da waziri ya zaɓa shi za ku ci tare."

Sarki ya ture naman, ya wanke hannu, ya matso kusa da akushi. Sai waziri ya tattara zogalen da ke gabansa ya tura gefen sarki ya ce, "An miƙo maka, ba a mayarwa." Sarki ya yi dariya cikin hawaye, ya ci, ya yamutsa fuska, ya ƙara.

Ya yi kaffararsa da ciyar da miskinai a rumfar Tabawa, kowanne sai da aka tambaye shi abin da cikinsa ke ɗauka. Kumburin waziri ya sauka a hankali, suka yi shekaru suna cin akushi ɗaya, har sarki ya koyi cewa da bakinsa, "Inna, a rage mai." Ya kuma sa aka yi shela cewa daga ranar, ko sarki ne ya miƙo, mutum yana iya cewa na gode, ba zan ci ba.

Har ya tsufa yana faɗa wa alƙalansa: "Kyautar da ba a isa a ƙi ta ba, umarni ce. Farkon adalci shi ne ka tambayi mutum abin da yake bukata, kafin ka ba shi abin da kai kake so."