Hasumiyar Sarki Irmiya da Zuwan Shamuwa

Masu ba da labari sun ce a can wani zamani, a garin Dutsen Marke, an yi wani Sarki mai bin Almasihu, ana ce da shi Irmiya. Da tsufa ya kama shi, sai wani tsoro ya shige masa zuciya: in ya tsaya gaban Ubangiji, me zai nuna? Don haka ya sa a gina wa majami'ar garin hasumiyar ƙasa wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Ya kira gayya, gayyar da ta ƙi ƙarewa. Duk namijin da ya isa riƙe fartanya yana can yana kwaɓa ƙasa, gonaki kuwa ko shara ba a yi musu ba.

Wata safiya yana zaune gindin tsamiya yana duban ginin, sai ya ji motsin fukafukai. Ya ɗaga kai, ga shamuwa ta sauka kan tsohuwar sheƙarta. Kowa ya san in shamuwa ta zo ruwa na bayanta, ɗanyen gini kuwa ba ya shiri da ruwan sama.

Ya ce, "Wayyo shamuwa, ba ki kyauta mini ba! Yanzu dole in ƙara matsa wa mutane."

Shamuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni 'yar aike ce, ba ni ke riƙe da hadari ba. Amma gonakinsu fa?"

Sarki ya ce, "Noma kowace shekara ana yi. Ni kuwa ban san ko zan ga wata damina ba. So kike in je gaban Ubangiji hannu rabbana?"

Ta ce, "Ina jiye maka tsoron abin da ya sami magini Filibus."

Ya ce, "Me ya same shi?"

Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce:

A wani gari da nake yada zango, an ba wani magini, Filibus, aikin majami'a. Ya ƙwallafa rai sai ya gama kafin Kirsimeti, don baƙi su riƙa tambayar wa ya yi wannan. Tubali bai bushe ba ya hau jerawa. Wanda duk ya ce a dakata, ya kore shi. Da ya gama, ya shafe bangon da makuba har yana sheƙi.

Ana nan sai Baba Ayuba, tsohon da ya koya masa gini, ya zo. Ya dafa bango, sa'an nan ya ce, "Ɗana, bangon nan da sanyi. Waje ya bushe, ciki ɗanye ne."

Filibus ya ce, "Haba Baba, wa zai gani? Ai aikin Allah ne, shi zai riƙe abinsa."

Tsoho ya ce, "Wanda ka ce aikinsa ne, ciki yake fara dubawa. Zauna ka ji labarin rumbun Gambo da na Tabita."

Ya ce: an yi wani manomi, Gambo, mai rumbun da ya fi na kowa. Ya cika shi da gero, ya liƙe bakin. Daɗinsa kawai masu wucewa su tsaya su ce, "Kai, Allah ya yi wa bawan nan albarka!" Ko iri aka zo nema ba ya buɗewa, wai kada a ce rumbunsa ya ragu. Maƙwabciyarsa Tabita kuwa ɗan ƙaramin rumbu gare ta, amma in shuka ta zo, duk wanda ya rasa iri za ta ɗiba masa, ta bi shi da addu'a. Da aka yi shekarar yunwa, Gambo ya fasa bakin rumbunsa gaban jama'a, sai ya tarar ƙwari sun daɗe da gama aikinsu, dusa kawai ta rage. Tabita ta rasu, har an manta inda kabarinta yake, amma geron da ake ci a ƙasar nan duk jikokin irinta ne.

Baba Ayuba ya ce, "Ka ji, ɗana. Abin da aka tara don idon mutane ƙwari ke gadonsa. Alheri kuwa danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Filibus ya yi dariya ya ce tsufa ne. Ranar bikin buɗe majami'ar da sassafe, kafin mutane su taru, bangon gabas ya tsage ya durƙushe. Allah ya tsare ba kowa a ciki. Sauri ya haifi nawa, kunya ta kori Filibus daga garin.

Da shamuwa ta kai nan, Sarki ya dube ta. Ya ce, "Wato ni ne Filibus, ni ne kuma Gambo?"

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ban faɗa ba. Amma jiya da na ratsa ta bayan gari, na ji wata gwauruwa tana ce wa 'ya'yanta, 'Ku yi haƙuri, bana hasumiya za mu ci.' Ɗanta guda da ya isa noma yana cikin masu kwaɓa maka ƙasa. Almasihu bai ba da ransa don tubali ba. Majami'arsa ta gaskiya mutane ce, ga ta can ƙarƙashin kwandunan ƙasa, kana kuma gina ta da ɗanyen ciki."

Sarki ya dubi masu aikin. Ba mai waƙa, ba mai dariya, kowa sai satar kallon gabas yake, inda hadari ya fara haɗuwa. Tsoronsa na da ya zama ƙarami, don ya ga abin da zai tarar gaban Ubangiji ya fi hannu wofi muni: kukan mutanen da aka ba shi amana.

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku ajiye kwanduna! Na zalunce ku da sunan Allah, ku gafarta mini. Kowa ya nufi gonarsa. A buɗe rumbunan fada, wanda ba shi da iri ya ɗiba."

Sarkin magina ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba a rufe kan hasumiyar nan yau ba, ruwa zai cinye ta."

Sarki ya daɗe yana dubanta, idonsa ya cika da ƙwalla, don ya so ta ƙwarai. Sa'an nan ya ce, "Bari ya cinye ta. Shamuwa, na ji, na kuma karɓa. A ba ni fartanya, a nuna mini gonar matar nan."

Kafin la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yana sunkuye a gonar gwauruwa aka ji rugugin faɗuwar hasumiya. Duk aka ɗaga kai, ban da Sarki. Ya jefa iri a rami, ya rufe da diddige, ya matsa gaba.