Faifan da Ke Cikin Jakar Abednego

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a Kafanchan mai suna Abednego. Shagonsa na kusa da kasuwa, kuma hannunsa na da kyau, kowa ya shaida. Shi ne ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a Manchok, inda ake ajiye bayanan masu juna biyu da na masu hawan jini.

Yana da ƙanwa, Peculiar, wadda ta daɗe tana karatun satifiket na tsaron kwamfuta. Ta faɗi jarabawar farko, ta sake zama har ta ci. Ranar da ta kawo satifiket ɗin shago, Abednego ya juya shi gaba da baya, ya miƙa mata.

"Sista, je ki rataya a bango. Ɓarawon intanet zai gan shi ya gudu, ko?"

"Broda, ka dai yi dariyarka."

"Ni da hannu na koya. Kowane ciwon kwamfuta, maganinsa ɗaya ne: kwashe kaya, yi fomatin, shi ke nan."

Haka kuwa ya saba. Yakan jona faifan ajiya, ya kwafe abin da ke ciki, ya goge komai, ya sake zuba sabo.

Wata safiya Mama Jacinta, shugabar nas-nas ta asibitin, ta kira shi a waya. Wata nas ta buɗe wani saƙo, yanzu duk fayil ya kulle. Ga benci cike da mata suna jiran awo, ba a san wadda aka canza wa magani ba.

Abednego ya hau mota zuwa Manchok hankali kwance. A jakarsa akwai faifan da yake kwafe bayanan asibitin a kai lokaci-lokaci. Babu wani kwafi sai shi.

Da ya isa, ya duba allon kwamfutar. Bai taɓa ganin irin wannan ba. Duk da haka ya zaro faifan, zai jona ya mayar da bayanan kamar yadda ya saba. Sai wayarsa ta yi ƙara. Peculiar ce, Mama Jacinta ta kira ta tun yana hanya, don cocinsu ɗaya.

"Broda, me ke hannunka?"

"Faifan ajiya. Bari in gama, zan kira ki."

"Don Allah kar ka jona! Abin da ya kulle kwamfutar yana nan da ransa. Kana sawa zai kulle faifan ma."

Hannunsa ya tsaya. Kan wayar faifan ya kusa taɓa ramin da ake jona shi a jikin kwamfutar.

"Wa ya gaya miki?"

"Abin da na faɗi a kansa ke nan a jarabawar farko. Mayar da shi jaka. Ka cire wayar netwok daga kowace kwamfuta, kar ka goge komai. Ina zuwa."

Mama Jacinta na tsaye a kansa. "Ɗana, ka ji maganar ƙanwarka. Girman kai ba zai rubuta mini katin matan nan ba."

Ya mayar da faifan.

Peculiar ta iso da tata kwamfutar mai tsabta. Ba ta yi gaggawa ba. Ta tambayi nas ɗin abin da ta danna, ta tabbatar cutar ba ta bi sauran kwamfutocin ba, sannan ta binciki faifan kafin ta buɗe. Abednego ya tsaya a bayanta. In faifan nan ya tafi, da wane ido zai kalli matan da ke waje?

Sunaye suka fito, layi bayan layi.

"Mun gode Ubangiji!" Mama Jacinta ta zube a kujera, ta cire hular aikinta tana fifita da ita. "A kira mai lamba ta farko."

Abednego ya sauke numfashi. Shi ya gyara kwamfutar da ta kamu, don a nan ba wanda ya kai shi sauri, amma sai da ƙanwarsa ta ce ya fara.

Suka hau motar komawa Kafanchan. Sun kusa shiga gari ya taɓa ta da gwiwar hannu.

"Sista, littattafan nan naki, suna nan?"

"Suna nan. In rataya maka su a bango?"

"Kawo su shago. Kuma kar ki gaya wa Mama Jacinta na tambaya."

Darasi: Hannu yana koya maka abin da ka taɓa gani ne kawai, satifiket kuwa yana tilasta maka sanin abin da bai zo maka ba tukuna. Wanda ya haɗa biyun shi ake damƙa wa amanar mutane. In kun san wani gwani da ke raina jarabawa, ku tura masa labarin Abednego.