Tarwaɗar Gizo ta Bayan Masu Narka Batir

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, muna saurare!

Wai Gizo ne ya haƙa ramin kiwon tarwaɗa a bayan masu narka tsofaffin batura. Kun san dai duk ruwan dalma nan yake gangarowa. Ya ja wa matarsa Ƙoƙi kunne: "Kifin nan na sayarwa ne, a gidana ba a ci."

Kura ta zo sari, ta shinshina. "Gizo, ruwan nan fa warin ƙarfe yake."

"Haba Hajiya, ai maganin ƙarin jini ne!"

Kura ta kwashe, ta yi banda, ta kai kasuwa tana ihu: "Na kogi! Na kogi!"

Kwanci tashi 'ya'yan Gizo suka fara ciwon ciki, ɗan autan ko sunansa ba ya amsawa. Likita Bushiya ta duba ta ce dalma ce a jininsu.

Gizo ya daka tsalle: "Ƙoƙi! Ban hana ki ba?"

"Wallahi maigida ko ƙayarsa ban taɓa ba. Na kogi nake sayo mana wajen Kura. Kai ma jiya har ƙari ka nema."

Ƙurunƙus kan tarwaɗa! Ta tafi, ta bar Gizo riƙe da ciki.