Attaruhun da Ya Ji Yunwa Cikin Taki

Akwai wani mutum da matarsa ta rasu ta bar masa attaruhu guda a tsohon bokitin fenti. A saman bene suke haya, ba su da ko tafin hannu na fili, shi ya sa ta shuka shi a ɗaki kusa da taga, cikin dusar ɓawon kwakwa maimakon ƙasa. Daga ƙauyensu ta zo da irin, kuma ba ta bar ko ƙwaya a ajiye ba. In wannan ya mutu, abu na ƙarshe da hannunta ya raya a gidan ya tafi ke nan.

To, ɓawon kwakwa ba shi da abincin kansa. Abin da ka jiƙa a ruwa ka zuba, shi saiwa za ta ci. Mutumin ya san haka, sai ya sayi takin zamani mai kyau yana jiƙawa da ruwan burtsatse, ruwan nan mai barin fari a gindin tukunya. Sababbin ganyaye suka fara fitowa ɗorawa-ɗorawa. Ya ce yunwa ce, ya ƙara taki. Fure ya kakkaɓe. Ya sake ƙarawa, har farin gishiri ya kama bakin bokitin.

Ran nan goggonsa ta zo gaisuwa, ta same shi tsugune gaban shukar.

Ya ce, "Goggo, ban hana shi komai ba. Ko kaina ban ciyar haka ba."

Ta ce, "Na ga alama, wuyanka kamar na zalɓe. Matsa, ɗan nan. Da wane ruwa kake ba shi?"

Ya kawo a kofin gilashi. Ta sa ya jiƙa zoɓo, ta ɗiga kaɗan a ciki. Jan ya dushe nan take, ya koma kore-kore.

Ta ce, "Ka gani? Haka zoɓo yake yi in ya gamu da kanwa. Ruwanka mai kanwa ne, ya ɗaure takin, saiwa tana kallon abinci ba ta iya ci."

Ta matsa lemun tsami, ɗigo-ɗigo, har launin ya dawo ja mai haske. Ya miƙa hannu zai ƙara, ta buge hannun.

"Kai, miyar yakuwa za ka dafa? Tsami in ya yi yawa shi ma ƙona saiwa yake."

Suka gyara ruwa haka, suka yi ta zubawa har ya fito ta hujin gindi ya wanke gishirin. Ta ce kada ya bar dusar ta bushe ƙayau, kada kuma bokitin ya zauna cikin ruwa. Ya riƙa ɗaga shi, in ya fara sauƙi a hannu, lokacin ban ruwa ya yi. Tsofaffin ganyayen ba su warke ba. Amma tohon da ya biyo baya kore shar ya fito, kafin Kirsimeti kuwa ya tsinki jajaye, ya shanya iri, ya kai wa goggo sauran.

Ma'anar wannan misali ita ce: shukar nan yaran da Allah ya danƙa muku ne. Kamar saiwa a ɓawon kwakwa suke, ba su da abin ci sai abin da kuka zuba. Takin shi ne Maganar Allah da horo mai kyau. Ruwan kuwa bakinku ne. Ina ganinku, iyaye. Yaro ya yi yaushi, ku ƙara wa'azi, ku ƙara tsawa da gori, sannan ku zo kuna mini kuka wai ba ya ji. Yaya zai ji? Gaskiya kuka faɗa, amma a ruwan kanwa kuka jiƙa ta.

Ban ce ku daina faɗa ba, kun san ni. Mai shagwaɓa ɗa shi ne mai juye lemun duka. Cewa na yi in yaro ya ƙi cin abin da kuke ba shi, kafin ku ƙara, ku duba fuskarsa sa'ad da kuka buɗe baki. Ita ce zoɓonku. In ta dushe, 'ya'yana, ruwan za ku gyara.