Ramin Kurege a Gaɓar Magudana

Ga ta nan, ga ta nanku, har da ku na baya masu gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, mun farka.

An yi wani Kurege, magidanci, jelarsa ta fara furfura amma kullum sai ya taje ta kafin ya fita. Yana noman rani a fadama tare da sauran dabbobi. Magudana ɗaya gare su, ta taso daga kogi ta bi bakin gonaki har ƙarshen fadamar. Ruwan ba shi da yawa, saboda haka suke da wata sanda mai jan ƙyalle. Wanda aka kafa ta a gonarsa, shi kaɗai zai buɗe ruwa. In shukarsa ta ƙoshi ya toshe, ya miƙa wa na gaba. Haka ruwan ke tafiya a dunƙule da ƙarfinsa, kowa na samu. Tsohon Kwaɗo ne ke kula da sandar.

Gonar Kurege tana can wajen ƙarshe. Albasa ya dasa, kuma ya riga ya cika baki a kasuwa cewa bana kowace ɗaya sai ta kai kan jariri. Magana ta kai kunnen surukarsa, ta aiko cewa ranar cira za ta zo ta gani da idonta.

To, jiran sanda ya ishe shi. Kamar shi, da farce irin nasa, a ce ya zauna jira bayan Kunkuru? Sai ya haƙa ɗan rami ta ƙarƙashin gaɓar magudana, ya rufe bakinsa da ciyawa. Sanda na gonar wani, ruwa na tsiyayowa gonarsa. Albasa ta yi kore shar.

Da ya yi shiru da shi ke nan. Amma dabara irin wannan a ce ba wanda ya yaba? Abin ya hana shi sukuni.

Bushiya ta zo wucewa, ta tambaye shi wane taki yake zubawa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ce, "Yaya, ke kaɗai zan gaya wa. Ɗan rami ɗaya ne, wa zai rasa?" Ta ce kansa na ja. Ya ji daɗi.

Gafiya ta zo, ita ba ta ma tambaya ba. Shi ya kira ta. "'Yar uwa, ke kaɗai zan gaya wa. Ɗan rami ɗaya ne, wa zai rasa?"

Kunkuru kuwa har gida ya bi shi. "Baba, kai kaɗai zan gaya wa."

Gonakin su ukun nan duk sun fi tasa kusa da kogi. Kowa ya haƙa nasa, kowa ya raɗa wa ɗan uwansa shi kaɗai. Ruwa na baro kogi kamar da, ba abin da ya ragu, amma kafin ya yi nisa ya tsiyaye nan, ya tsiyaye can. Ya jiƙa bakin gona, rana ta shanye, bai kai gindin shuka ba. Mai sanda ya buɗe, sai taɓo. Kowa ya ga ruwa ya ja baya sai ya ƙara wa raminsa faɗi, yana ƙarawa ruwan na ƙara ja baya.

Ramin Kurege ya bushe ƙamas, har ƙadangare ya tare a ciki. Albasa ta kwanta.

Ransa a ɓace ya tafi wurin Kwaɗo. Ya ce amana ta ƙare a fadamar nan, ɓarayi sun huhhuje gaɓa, shi talaka mai bin layi an kashe masa gona. Kwaɗo ya lumshe ido, ya tara kowa, ya tambayi wanda ya koya musu haƙa.

Bushiya ta ce ba za ta faɗa ba, don ita kaɗai aka gaya wa. Gafiya ta ce a'a, ita ce kaɗai. Kunkuru ya miƙo wuya a hankali ya ce to shi ma shi kaɗai ne. Sai duk suka juyo suna kallon Kurege.

Kurege ya dafe ƙirji. "Ranka ya daɗe, ni rami ɗaya na ce. Ɗaya. Dabarata lafiyarta ƙalau, su suka lalata ta da kwaikwayo."

Kwaɗo ya ce tunda ya fi kowa sanin rami, shi zai cike su duka, kuma shi zai riƙa gadin gaɓa. Shi ya sa har yau za ku ga kurege ya miƙe tsaye da ƙafa biyu yana leƙe-leƙe.

Ranar cira suruka ta iso da ƙaton kwando. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zube mata albasar gonar baki ɗaya. Ta ajiye kwandon, ta ƙulle su a haɓar zane. Ta ce, "Sannu da aiki. Jaririn da ake faɗa, na ɓera ne?"

Abin da ake sha tare, in kowa ya ɗan ɗiba a ɓoye, har mai wayon ƙishi zai kama. Shi dai Kurege har gobe cewa yake an zalunce shi.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako, kowa ya kama gabansa.