Karen da Ya Daina Haushi

Akwai wani manomi mai kare, sunan karen Duna. Tun yana ɗan kwikwiyo ya ɗauko shi, ya rene shi da ɗumamen tuwo. Duna ya girma ya zama mai tsaron gida da gona, biri bai isa ya taɓa masara ba in yana kusa. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne: ɗoki. Da ya ji ƙararrawar keken maigidansa, sai ya ruga yana haushi, yana tsalle, yana ɓata masa riga da ƙafafu.

Wata rana manomin ya je birni, ya ga wani yana jan kare da sarƙa mai zarge. Irin sarƙar nan ce da in kare ya ja sai ta shaƙe masa wuya, in ya tsaya ta ɗan saki. Karen birnin kuwa yana tafe a natse, kansa a ƙasa. Abin ya burge manomin, gama shi mutum ne mai son a ce gidansa akwai ladabi. Bai tambayi kowa ba, ya sayi irinta. Da ya dawo ya zarga wa Duna, ya ɗaure shi a gindin mangwaro, kusa da gajeriyar katangar bayan gida. Dare da rana sarƙar tana wuyansa.

Duna ya ja, ta shaƙe shi. Ya sake ja, ta sake shaƙe shi. Ba a daɗe ba ya fara tari, muryarsa ta dushe.

Matar manomin ta ce, "Maigida, tarin nan na Duna bai yi mini ba. Dubi wuyansa, gashin duk ya zube, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Ka cire masa abin nan, ka sa masa na fata mai faɗi."

Ya ce, "Ke dai ki ji da tukunyarki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ta ce, "Tanƙwarawa daban, karyawa daban."

Ya yi kunnen uwar shegu. Ni kam irin wannan mutum yana ƙona mini rai. Ido biyu gare shi, dabba tana tari a gabansa, amma shi abin da yake gani kawai shi ne rigarsa ta daina ɓaci.

Ran kasuwa, manomin ya tafi kasuwa, matar kuma ta tafi taron zumuntar mata a coci, gida ba kowa. Da la'asar manomin ya dawo, ya kaɗa ƙararrawar kekensa kamar kullum. A ƙofar gida ya tarar da maƙwabcinsa, suka tsaya gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwa, yaya ruwan bana, kowa ya tambaya aka amsa, aka kuma sake sabon zagaye.

Duna kuwa ya ji ƙararrawar. Tsohon ɗokinsa ya motsa, ya taka turmin da ke jikin katanga, ya yi tsalle ya haura don ya zagayo wurin maigidansa. Amma sarƙar ba ta da tsawo. Ya rataye a bayan katangar, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba, kuma duk motsin da ya yi zargen ƙara matsewa yake.

Maƙwabcin ya ce, "Yau ban ji haushin Duna ba."

Manomin ya yi murmushi ya ce, "Aikin sarƙa ke nan. Da fa ba ka iya jin gaisuwata don hayaniyarsa. Yanzu ya koyi hankali."

"Kamar ina jin ana karce katanga ta baya."

"Kaji ne," in ji manomin. Ya ci gaba da yabon sarƙarsa, har yana ba maƙwabcin shawara shi ma ya saya.

Sa'ad da ya shiga gida, bai ga kare a gindin mangwaro ba. Sai sarƙa a miƙe, ta haura katanga. Ya yar da keken, ya zagaya a guje, ya ɗaga Duna yana kiran sunansa, yana kokawa da zargen. Amma aikin gama ya gama.

Ma'anar misalin nan ba a ɓoye take ba. Da fari, masu karnuka, don Allah ku ji ni. Sarƙa mai zarge tana ƙuje wuya, tana lalata maƙogwaro, in kuma ta maƙale a danga ko reshe ba kowa kusa, kisa take yi. Dabbar da Ubangiji ya sa a hannunka amana ce. Ka sa mata abin wuya mai faɗi wanda yatsunka biyu za su shiga, ka koya mata da haƙuri.

Amma ba don karnuka kaɗai na faɗa ba. Manomin nan mu ne, iyaye. Sarƙar ita ce tsawa da bulala da zagi waɗanda ba ma cirewa dare da rana. Yaro ya zo da murna zai ba ka labari, ka daka masa tsawa. Ya yi tambaya, ka ce ya cika surutu. Ran da ya daina magana sai ka shiga gari kana cewa ɗanka ya yi ladabi. Haba jama'a! Ina ganinsu a ajin da nake koyarwa a nan coci kowace Lahadi, yaran da in na ɗaga hannu zan gyara hulata sai su kare fuska. Na gaji da gani. Horo yana da kyau, ban ce a bari ba, amma horon da ba ya saki ko kaɗan shaƙewa ne. Da haka Ubanmu na sama yake jan mu, wa zai kai yau da rai?

In kun koma gida, ku saurari shirun da ke cikinsa, ku bincika ko na salama ne. Ku kuma tuna, sa'ad da sarƙar ta kashe Duna, ba gudun maigidansa yake yi ba. Wurinsa yake zuwa.