Gizo da Jinkar Makaranta

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina masu kunnen ƙashi.

"Ta zo mu ji ta, Iya."

To ku matso. Kai Sallau, fitar da hannunka daga ƙwaryar gyaɗata, ba kai na soya wa ba. Wai mijina ke nan, ko sabulu bai taɓa saya mini ba, sai ci.

A wani gari a bakin rafi, inda dabbobi ke zaune gida gida kamar mu, akwai wata 'yar makarantar firamare mai aji ɗaya tal. Ɗakin ƙasa ne zagayayye, da jinkar ciyawa a kansa. Malama Hasbiya ce ke koyarwa. Ana nan, ran nan da bazara, sai guguwa ta taso ta yaye jinkar nan ta yi gaba da ita. Aji ya koma kamar tukunya ba murfi.

Malama ta kira taron ƙungiyar iyaye da malamai. Shugabar ƙungiyar kuwa Bushiya ce, mai kaushin jiki da kaushin baki, amma zuciyarta fes.

Malama ta ce, "Iyayen yara, ba zan ɓoye muku ba. In damina ta same mu a haka, bangon nan narkewa zai yi. Dole in rufe makaranta, a mai da yara ta tsallaken rafi."

Barewa ta ce, "Allah ya sauwaƙe. Ko da yake nawa ɗan tsalle ɗaya zai yi ya haye."

Biri ya ce, "Nawa ma ta reshe zai bi."

Amma akwai wadda ba ta da tsalle, ba ta da reshe. Ita ce Yalwa, 'yar Gizo da matarsa Ƙoƙi. 'Yar mitsitsiya ce, ƙafafunta kamar tsinken tsintsiya, in rafi ya kawo ko kusa da bakinsa ba ta isa ta je ba. Ga ta da son karatu, har jakar makaranta ta saƙa wa kanta, kullum tana rataye da ita. In aka rufe ajin nan, karatun Yalwa ya ƙare ke nan. Ƙoƙi ta gane haka sarai. Shi kuwa gogan naku yana can baya ya jingina da bango yana minshari.

Bushiya ta ce, "Ba za a rufe ba. Za mu kafa gidauniya, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Sannan mu yi aikin gayya, mu ɗaura sabuwar jinka kafin shamuwa ta sauka. Mata za su dafa wa ma'aikata abinci."

Kun san shamuwa, tsuntsuwar nan da in kun gan ta a kan kuka, to ruwa ya kusa. Shi dai Gizo bai ji zancen shamuwa ba. Kalmar abinci kawai ta shiga kunnensa, sai ya yi firgigit ya miƙe.

Ya ce, "Hajiya shugaba, gidauniya ai ba ta yiwuwa sai da sanƙira. Ga ni."

Ranar gidauniya gari ya cika. Mata sun soya ƙosai da waina suna sayarwa, cinikin duk na makaranta ne. Gizo ya hau turmi ya gyara murya, da tsamin bakin nan nasa: "Jama'a a shauyaya!" Duk wanda ya kawo abu, sai ya shelanta a yi tafi. Barewa ta ce shuci na wuyanta, wato ciyawar rufi. Biri ya ce shi zai saro gora. Sai ga tsohuwa Zomanya ta taho tana nishi da damin rama a ka, wadda za a tufka igiyar ɗauri da ita.

Gizo ya ga tafi na ta tafiya wajen wasu, shi ko ɗaya bai samu ba. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya buɗe baki ya ce, "Ni kuma Gizo na Ƙoƙi, na yi alkawarin duk igiyar da za a ɗaure jinkar nan, tun daga ƙasa har ƙololuwa. Daga cikina za ta fito, sabuwa fil, ta fi rama ƙarfi."

Wai, zo ku ji tafi da guɗa. Wa zai yi shakka? Kowa ya san zare a cikin Gizo yake.

Bushiya ta dubi Zomanya ta ce, "Inna, tunda igiya ta samu, a kai ramarki kasuwa a sayo wa yara alli." Aka kai, aka sayar, aka sayo alli.

Da suka koma gida Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ka san abin da ka ɗauko kuwa?"

Ya ce, "Ke rabu da ni. Alkawarin gidauniya ai don a yi tafi ne. Wa ya taɓa bin sawunsa?"

Abin da ya sa yake noƙewa, shi zaren Gizo in ya fita, tumbi ne ke tafiya. Shi kuwa Gizo a duniya ba abin da yake so kamar tumbinsa.

Aka fita yankan shuci. Kowa da laujensa, Gizo da bakinsa, yana inuwa yana ta kirari. Da aka kawo tuwo Bushiya ta ce, "Malam Gizo, ina igiya?"

Ya shafa ciki ya ce, "Tana nan tana nuna. A ƙaro mini tuwo, shi ke sa ta kauri." Aka ƙaro.

Aka fita saran gora. Bushiya ta ce, "Malam Gizo, ina igiya?"

Ya ce, "Ta yi kauri, saura tsawo. A ƙaro fura." Aka ƙaro.

Aka zauna yantar shuci, ana jera ciyawa ana shirya ta. Bushiya ta ce, "Malam Gizo, gobe za a ɗora jinka. Ina igiya?"

Ya ce, "Ku bar mini kayan a fili ku tafi. Ni kaɗai zan ɗaure, sana'ar gidanmu ce, ba a kallo. Amma a bar mini waina."

Kowa ya watse. Gizo ya lallaɓa bayan gari ya yayumo busasshen yaɗon kabewa, abin da ko akuya ba za a ɗaure da shi ba. Ya ɗaɗɗaure gora da shuci da shi, sannan ya ɗan shafa siririn zarensa a sama don ya yi ƙyalli. Ya cinye waina ya kwanta abinsa. Kai, Allah wadan hali irin wannan.

Kun san yadda ake yi. Ita jinka a ƙasa ake haɗa ta, sannan jama'a su kewaye ta su ɗaga gaba ɗaya su ɗora a kan bango. Da safe iyaye suka kewaye, yara suna gefe suna kallo, Yalwa a gaba da jakarta. Gizo maimakon ya kama, sai ya ɗare ƙololuwar jinka, wai daga nan zai fi ba da umarni.

Ya ce, "A ɗaga." Aka ɗaga zuwa gwiwa, sai aka ji ƙas.

Ya ce, "A ɗaga." Aka ɗaga zuwa ƙirji, aka ji ƙas ƙas.

Ya ce, "A ɗaga." Aka kai ta bisa kai, sai jinka ta wargaje gaba ɗaya. Gora ta yi nan, shuci ya yi can, Gizo ya rikito ya faɗa daidai kan ƙayar Bushiya.

Dariya kuke yi? Ku yi, amma a wurin ba wanda ya yi dariya. Biri ya tsinci guntun ɗaurin ya murza, ya ce, "Yaɗon kabewa ne." Zomanya ta ce, "Da ramata na nan." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Suna tsaye cirko cirko sai inuwa ta gifta. Suka ɗaga kai, ga shamuwa ta sauka a kan kuka.

Malama Hasbiya ta ce, "To, shi ke nan. Yara, kowa ya kwashe kayansa." Iyaye suka kama hannun 'ya'yansu suka tafi, ko kallon Gizo ba wanda ya yi.

Da suka koma gida, Yalwa ce ta zo ta durƙusa a gabansa, ta zazzage jakarta, ta miƙa masa.

Ta ce, "Baba, ungo. Ka riƙa zuba gyaɗarka a ciki."

Ya ce, "Ke da me za ki tafi makaranta?"

Ta ce, "Wace makaranta, Baba? Su duk za su haye rafi. Ni ba zan iya ba."

Sai a lokacin Gizo ya san wanda ya cuta. Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya cika shi.

Ya ruga gidan Barewa ya ce, "Na rantse gobe zan kawo igiya." Ta ce, "Mun ji." Ta ja ƙyaure. Ya je gidan Biri, Biri ya ce, "A ƙaro maka fura?" Ya je gidan Bushiya, ta ce, "Malam Gizo, bakinka ya riga ya ƙare. In kana da wani abu ban da baki, ka nuna."

Gizo ya juyo bai ce komai ba, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi. Ya tafi filin makaranta, ya tattaro gora, ya fara jan zare daga cikinsa. Ya ja, ya riɓanya, ya tufka, ya ɗaure. Tuwon gayya ya fita, furar gayya ta fita, waina ma ta bi su. Ƙoƙi ta zo ta riƙe masa gora, Yalwa tana miƙo shuci. Rana ta take, ta karkata, tumbi ya zube, bai tsaya ba. Can gabas kuwa hadari ya fara haɗuwa.

Da la'asar jinka ta haɗu tsaf. Su uku suka kama, suka yi nishi, ko motsi ba ta yi ba. Gizo ya zauna a ƙasa. Ba ya da bakin kiran kowa.

Ashe Bushiya na laɓe bayan kuka tana kallo. Ta fito ta kama ɗauri ɗaya ta ja, bai tsinke ba. Ta sa haƙori ta ciza, bai tsinke ba. Ta hau kai ta yi tsalle, ko gezau. Sai ta juya ta shiga gari gida gida.

Barewa ta ce, "Shugaba, ni fa ɗana zai iya haye rafi."

Bushiya ta ce, "Na sani. Yalwa fa? Da muka kafa ƙungiyar nan, cewa muka yi ta iyayen yara, ba mu ce ta iyayen masu tsalle ba. Laifin uban ne, yarinyar me ta yi?"

Sai Barewa ta ɗaura ɗamara. Biri ya fito, Zomanya ta fito da sandarta, Malama Hasbiya ta taho da sauran iyaye. Iska ta fara kaɗawa. Suka kewaye jinka, Gizo ya kutsa tsakanin Biri da Barewa ya sa kafaɗarsa a ƙasa kamar kowa.

Biri ya ce, "Sanƙira, yau ba za ka hau sama ba?"

Gizo ya girgiza kai. Bushiya ta ce, "Yalwa, ke za ki ba da umarni."

Yalwa ta ce, "A ɗaga," da 'yar muryarta. Aka kai gwiwa, shiru. Ta ce, "A ɗaga." Aka kai ƙirji, shiru. Ta ce, "A ɗaga." Aka kai bisa kai, aka taka a hankali, jinka ta zauna a kan bango daram. Ana sakin ta ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya.

Duk suka ruga cikin aji, iyaye da yara, suka cunkushe suna kallon sama. Ko ɗigo bai zubo ba. Murna ta kama kowa, mata suka rangaɗa guɗa. Gizo ya lallaɓo ya ciro jakar nan daga hammatarsa, ya rataya wa Yalwa a wuya.

Ta leƙa ciki ta ce, "Baba, ba ka zuba gyaɗar ba?"

Ya ce, "Ba ta gyaɗa ba ce."

Tun daga ranar Gizo ya bar sanƙiranci. Shi ya sa har gobe in kun ɗaga kai a ajinku za ku gan shi a lungun rufi, shiru, yana ta ɗaure ɗaure. Duba aikinsa yake yi kada ya kwance.

To kun ji. In ka yi alkawari a gaban jama'a, ka tare wurin da wani zai kawo na gaske, saboda haka ko ka cika ko ka yi shiru tun farko. Kuma yaran makaranta na kowa ne, wanda ya fi rauni a cikinsu shi ake dubawa. Sallau, na ji an ce ranar Asabar iyaye za su yi aikin gayya a makarantarku, ubanka kuma ya ce a taro shi zai kawo yashi. In ya shigo ka gaya masa na ba ku labarin Gizo, kada ka ƙara komai.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta ƙare. Ku tashi ku ba ni tabarmata.